Gaisuwata ga Mushe Gaston

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin in rubuta ta. In na ɗauki biro sai in ajiye, in ce wataƙila mutane sun manta. Amma ni ba zan taɓa mantawa ba, kuma gara ku ji daga bakina kafin Idi taubashina ya ƙara mata gishiri.

Lokacin da sojoji ke riƙe da ƙasa aka kawo ordinatar, wato kwamfuta, a ɗan gidan rediyonmu na Filinge. Ni mai kula da janareto aka damƙa wa ita, ba don ilimi ba (a firamare na tsaya), sai don ni kaɗai ke tunawa in rufe ta da zane in an tashi. A cikinta akwai wata manhaja ta kyauta mai jera shirye-shirye, wadda mutanen ƙasashe daban-daban ke haɗuwa suna gyarawa. Kwatsam sai ta fara tsallake sanarwar safe, ta rasuwa da ta ɓatan dabbobi. Wani dattijo ya taso tun daga Sanam ya wanke mu tas, don cigiyar raƙuminsa ba ta fita ba. Darakta ta dube ni ta ce, "Ko ka gyara, ko in kira wani daga Yamai, kai kuma ka koma wurin janareto."

Wanda ya kawo ordinatar ya riga ya sa ni cikin zauren wasiƙun masu manhajar: ka aika saƙo ɗaya, kowa ya samu, mai sani ya amsa. Sai dai ni ba a haife ni in faɗa wa taro da tambaya ban gaida manya ba. Na zauna ina leƙe, ina neman babban wurin.

Ban sha wuya ba. Akwai wani Gaston da ke rubutowa kowace safiya kafin kowa ya tashi, yana faɗin abin da ya lalace da abin da ya gyaru. Ba fashi, ko Lahadi. Kuma ko sannu ba mai ce masa! Abin ya tsaya mini a rai.

Sai na fara gaishe shi da guntun Faransancina, ina ce masa Mushe, wato Malam: ina kwana, ina gajiya, ina iyali. Bai amsa ba. Na ce halin manya ne, na ƙara ladabi. Da Sallah na yi masa barka, sannan na kwana ina tunanin ko Kirista ne, da safe na aika da ban haƙuri. (Duk wannan na ɗauka shi kaɗai ke gani, tunda saƙonsa nake amsawa.) Tambayata kuwa tana nan a aljihu, Darakta ta daina amsa gaisuwata.

Ranar da zuciya ta ɗebe ni na rubuta wa zauren gaba ɗaya. Na ce su ji tsoron Allah. Na ce a ƙasarmu ta Kurfai ko baƙo ne ya yi magana a fada ana amsa masa, balle dattijon da ke yi musu wahala tun asuba. Har na ce iyayensu ba su kyauta ba.

Kafin azahar wata Madam Awa ta amsa daga Dakar: "Ɗan'uwa, Gaston ba mutum ba ne, inji ne muka ɗora ya riƙa duba aikin. Ba shi da iyali. Amma mun daɗe muna jin daɗin gaisuwarka. Kana da tambaya?" Wani marar kunya ya ƙara da cewa matar Gaston tana gaishe ni.

Na tashi na tafi masallaci ban rufe komai ba. Da na dawo na tarar da Idi, mai karanta mana labarai, zaune a kujerata yana fassara wa ma'aikata saƙonnina ɗaya bayan ɗaya da muryar labaran duniya. Yana ganina ya miƙe ya durƙusa gaban janareto: "Ina kwana, Mushe? Ina iyali? Ga ɗanka nan ya taho gaisuwa!" Darakta ta yi dariya har ta riƙe bango.

Tunda mutuncin ya riga ya zube, na aika tambayar. Layi biyu Madam Awa ta rubuto: agogon ordinatar ne ke rikicewa duk sanda wuta ta ɗauke. Na daidaita shi, sanarwa ta dawo, aikina ya tsira. Sunana ne bai tsira ba. Har yau ranar kasuwa sai in ji daga rumfar masu gero, "Abokin Gaston, ya mutanen gidan?"

Abin da na koya shi ne, a zauren nan tambaya ita ce gaisuwa. Na kuma koyi cewa masu ilimi na iya kallon mutum yana durƙusa wa inji tun daga shuka har girbi, ba wanda zai taɓa shi ya ce tashi.

Yanzu ga roƙona. An ce saƙonnin zauren suna nan ajiye a fili, kowa na iya karantawa har abada. Don Allah wanda ya san yadda ake goge su ya sanar da ni, amma ta hannun Darakta, kada ya bi ta wurin Idi. Gaston kuwa yana nan yana rubutowa kowace safiya. Ba na amsa masa, amma wallahi ina jin nauyi.