Mabuɗi na Uku

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis ba, ko da ina so in manta, don an ajiye ta a inda ba ta gogewa. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma babban abin haushin shi ne ba ni da wanda zan sauke wa fushin sai kaina.

Ni dai a unguwarmu an san ni. Shekara ashirin da biyu ina tsaron ƙofar ikilisiya ranar Lahadi, ba wanda ya taɓa ɓare gyaɗa a bencin baya ban kama shi ba. Marigayi mijina ma'aikacin reluwe ne. Shi ya koya mini cewa komai yana da lokacinsa, ni kuma na ƙara da cewa komai yana da mai laifinsa. Ban shiga aji ba ko na yini ɗaya (ɗan abin da nake jan wannan rubutu da shi a wurin matan zumunta na tsince shi, da furfurata), amma kaina littafi ne. Wanda ya shigo gidana, da lokacin da ya shigo, da abin da ke hannunsa, duk suna nan.

Autata Rifkatu ta yi shekaru a Legas tana aikin kwamfuta, ta bar ni a gida mai ɗaki shida, daga ni sai kaji. Bara sai ga ta ta dawo Kafanchan. Ta ce ta samu aiki da wata ƙungiyar ƙananan asibitoci, akwai nasu a Gwantu, akwai a Zangon Kataf, akwai a Jere. Sun ba ta wata biyu ta nuna musu abin yana tafiya. In ya tafi, ta zauna gida. In bai tafi ba, Legas na jiranta. A raina na rantse ko ƙuda ba zai ɓata mata aikin nan ba.

Ta share ɗakin gaba, ta girke wata baƙar na'ura a kan tebur, ta zaunar da ni.

"Mama, kowane asibiti yana da babbar kwamfuta, saba ake ce mata, a cikinta katin marasa lafiya yake. Ni na kafa manhaja da za ta riƙa tambayarsu kowane minti: kina da rai? Kin yi zafi? Cikinki ya cika? In ɗaya ta yi shiru, wayata ta yi ƙara."

Na ce, "Wato sa-ido."

"Sa-ido. Amma manhajar gani kawai take yi, ba ta riƙewa. Dole in gina mata rumbu da za ta riƙa zuba amsoshin, shi ake kira databes. A cikin na'urar nan zai zauna. Kuma Mama, abin da nake so ki sani game da ita..."

"Na gane. Ni na haife ki, ba ke za ki koya mini rumbu ba."

(Ku riƙe wannan wurin. Da na bar yarinyar nan ta ƙarasa maganarta, da ba ni da labarin da zan ba ku.)

Sai ta kawo Ishaya. Shi ne mai haɗa sola da batir, mutum ne da ya ba arba'in baya, da mata da 'ya'ya. Tun ranar farko bai kwanta mini ba. Ya gaishe ni hannu ɗaya a aljihu, kuma yana aiki yana fito, waƙar sujada ma yake fito da ita. Rifkatu ta kulle ɗakin, ta riƙe mabuɗi ɗaya, ta ba shi ɗaya. Ita a saninta biyu ne. Ni kuwa ba ƙofar da ke gidan nan da ba ni da mabuɗinta a igiyar ƙuguna, tun kafin a haife ta.

Washegari ta fita tasha da sassafe, za ta Gwantu. Ƙarfe shida da rabi, lokacin sharata, na buɗe ɗakin. Na tarar da na'urar tana ta gurnani ita kaɗai. Na ɗora mata bayan hannu, zafi rau kamar goshin mai zazzaɓi. Raina ya ɓaci. 'Ya'yan yanzu ba su san tattali ba. Ko kan jirgin ƙasa, da girmansa, a tashar nan ake tsayar da shi ya sha ruwa. Na danna makunnin bango, ta yi shiru. Na yi shara, na goge tebur, na je na dama kunu, na dawo na kunna. Fitilunta suka kama, ta ci gaba da gurnaninta kamar rediyo. Na kulle ɗakin ina yaba wa kaina.

Haka na riƙa yi kullum, ban faɗa wa kowa ba, don ni ba mai gorin alheri ba ce. Ranar Talata nakan bar ta ta huta har in dawo daga addu'ar matan zumunta. Lahadi kuwa a gidana ko turmi ba ya ƙara, balle baƙuwar na'ura. Rifkatu tana cikin mawaƙa, tana riga ni fita, ina riga ta dawowa.

Ba a yi mako ba fuskar yarinyar ta canja. Yini guda take ɗauka tana gina rumbun nan. Ta yanka masa ɗakuna, ta sa masa suna da kalmar sirri, ta haɗa shi da manhajar, ta bar shi yana karɓar kaya. Ta je ƙauye ta dawo, ta tarar ya dagule.

"Kamar tuwon da aka janye wa wuta ana tsakar tuƙi, Mama. Duk gudaji. Sai an zubar an sake."

"Me ke kawo shi?"

"Wuta ke yankewa da safe."

Da kunnena na ji wannan magana. Amma ni a wurina yankewa daban, hutu daban. Yankewa aikin sakaci ne. Abin da nake yi kuwa kulawa ce. Ishaya ya ce wataƙila batir ne ke ƙarewa kafin rana ta fito. Ya canja batir. Ya canja wayar wuta. Rumbu ya sake dagulewa. Sau huɗu tana ginawa.

Wata rana ta tambaye ni, "Mama, akwai mai shiga ɗakin nan in ba na nan?"

Na ce, "Ba kowa sai mutumin naki."

Kuma Allah ya sani ban ji na yi ƙarya ba. Baƙo ke shiga ɗaki. Ni gidana ne.

Daga nan na sa wa Ishaya ido. Na ga ya zo ranar Litinin da jaka, ya fita jakar ta fi kumburi. Na ga ya tsaya a kasuwa, wajen masu citta, yana magana da Sista Hannatu, tsohuwar nas da ke shugabantar kwamitin asibitocin, har da dariya. Na ji an ce yana da ƙane a Kaduna mai aikin kwamfuta. To me ya rage? Yana so aikin 'yata ya rushe a ba ƙanensa, ita kuma ta koma Legas. Na haɗa komai tsaf a kaina, ina jiran rana.

Ita kuwa Rifkatu dabara ta canja. Ta ɗauko tsohuwar laftof ɗinta mai nata batir, ta gina rumbun a ciki, ta sa manhajar ta riƙa tambayar baƙar na'urar ita ma: kina da rai? Ta tura laftof ɗin cikin durowa, ta ci gaba da zirga-zirgar ƙauyuka, ta ce sai abin ya taru za ta duba. Ni ban kula da durowa ba. Ba ta gurnani.

Ranar Alhamis ɗin, saura kwana goma wa'adi ya cika, Sista Hannatu ta zo da dattawa biyu na kwamiti. Rifkatu ko wanka ba ta yi ba, saukarta ke nan daga Jere. Ishaya na tsaye a bakin taga. Na shigo musu da kunun aya daidai lokacin da Sista ke cewa, "Rifkatu, ba zan ɓoye miki ba, kwamiti ya fara gajiya. In abin ba zai yiwu ba, gara mu sani."

Na dire tire.

"Zai yiwu, Sista, in aka cire maciji daga cikin ɗaki. Ga shi nan tsaye."

Ishaya ya waiga bayansa, ya ga ba kowa sai taga.

"Kai nake nufi. Tun da ka taka gidan nan aikin 'yata bai ga alheri ba. Mabuɗi biyu ne, ɗaya a hannunta ɗaya a hannunka. Ita za ta rushe abin da ta gina? Na gan ka da jaka. Na gan ka a kasuwa. Na san da ƙanenka na Kaduna. Ni ba a yi mini wasa a ƙarƙashin hanci. Kana fito da waƙar Allah kana cin amana."

Ya cire hularsa. "Mama, ni? Tsohon waya ne a jakan."

"Rufe mini baki."

Rifkatu ta ce, "Mama, don Allah. Bari mu tambayi rumbu, ni ma ban duba ba tukuna."

Ta jawo durowa, ta buɗe laftof, ta juyo da ita. Wani dogon koren zare ne a kwance, an yayyanka shi da ja. Ta ce kore yana nufin na'urar na da rai, ja yana nufin ta mutu. Ta fara karantawa.

"Litinin, shida da rabi zuwa bakwai da kwata. Laraba, shida da rabi zuwa bakwai da kwata. Alhamis haka. Juma'a haka."

Na ce, "Kun gani? Mugu ne mai tsari."

"Talata, shida da rabi har tara da minti goma."

Ishaya ya dubi Rifkatu ya ce, "Talatan nan ai muna hanyar Zangon Kataf tare da ke."

Ɗaya daga cikin dattawan ya gyara tabarau. "Batir ba ya duba agogo haka."

"Lahadi, takwas zuwa sha biyu da rabi. Lahadin gaba ma haka." Ta ja yatsa, ta tsaya. "Nan kuma kwana uku a jere ba ja ko ɗaya. Alhamis, Juma'a, Asabar na makon jiya."

Ni har lokacin ban farga ba. Na buɗe baki na ce, "Wanda duk ya yi wannan ba shi da tsoron Allah."

Sista Hannatu ta ajiye kofinta a hankali. Tare muke zumunta da ita, benci ɗaya.

"A'a, Maman Rifkatu, yana da shi. Yana zuwa addu'ar Talata. Ba ya fashin sujada. Kuma ina jin tare muka je jana'iza da shi Gwantu makon jiya, kwana uku." Ta dube ni sama da ƙasa. "Mabuɗi nawa kika ce ɗakin nan ke da su?"

Na ja da baya taku ɗaya. Igiyar ƙuguna ta yi kacau.

A rayuwata ban taɓa jin ƙarfe ya yi ƙara irin ta ranar ba. Ɗakin ya yi tsit, sai gurnanin baƙar munafukar nan a kan tebur.

Na ce, "Hutu nake ba ta. Zafi take yi."

Dattijon mai tabarau ne ya fara. Ya toshe baki da hula, kafaɗunsa na rawa. Na biyun ya fita waje wai tari ya sarƙe shi. Sista ta ce, "Da zafinta aka haife ta, Yaya. Akwai fanka a cikinta."

Rifkatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Idonta ya kawo ruwa.

"Sau huɗu, Mama. Sau huɗu ina ginawa ina zargin kaina. Na tambaye ki ko akwai mai shiga."

"Ai ni ba..."

"Na so in faɗa miki tun ranar farko kada a kashe ta. Kika ce kin san rumbu."

Ni da nake tsayar da amarya a ƙofar ikilisiya in ɗankwalinta bai zauna ba, ga ni tsaye ina kallon siminti.

Sista Hannatu ce ta yanke. Ta ce abin da ya gagari manya uku ganewa, na'ura ta kama shi da rana da minti, to irin wannan mai gadin suke nema. Ta ce kwamiti zai sa hannu, amma da sharaɗi. Ta miƙo tafin hannu. Na kwance igiya a gaban maza, na zare mabuɗin, na ba ta. Ta miƙa wa Ishaya. Ishaya fa.

Da yamma na kama zakarana mafi girma na kai shagonsa. Na ce masa na yi masa ƙazafi, ya yafe mini. Ya ce, "Ba komai, Mama, ya wuce," ya karɓi zakaran da hannu biyu. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi. Tun daga ranar ba ya ce mini ina kwana. Sai ya cire hannu daga aljihu, ya rusuna har ƙasa, ya ce, "Mama, an huta?"

Rifkatu tana nan, ba ta koma Legas ba. Sati guda ta yi tana amsa mini magana da "to" kawai, sannan ta sauko. An liƙe makunnin bangon da filasta, an maido rumbun cikin baƙar na'ura, yanzu wata takwas ke nan zaren kore ne ba yanka. Na roƙe ta ta goge jajayen nan na baya. Ta ce, "Ba ya mantuwa, Mama. Halinku ɗaya."

Abin da na koya da tsufana shi ne, in zan ƙirga masu shiga gida, in fara da matar da mabuɗai ke ƙugunta. Har yanzu nakan tsaya a bakin tagar ɗakin da tsintsiya, ƙarfe shida da rabi, in ji ta tana gurnani. Ba na taɓa komai. Amma ko gaban wa za a kai ni, zafin nan ya yi yawa.