Santin da ya ci mini kasuwar Guci

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na je ɗanɗana zobo gidan Madam Hadiza ba, kuma ko na so in manta, 'yan tashar Magarya ba za su bar ni ba. Abin da na je nema a ƙirge yake: kasuwa uku, Dantchiao, Yekuwa da Guci, a ce ni kaɗai ke sayar da zobonta na kwalba a cikinsu, ga azumi yana tahowa a tsakiyar bazara. Na riga na sayi firigo biyu na sanyaya abin sha, masu aiki da hasken rana, na ɓoye su a shagon ƙanena don kada kowa ya san na matsu. Saura kawai in samu kwalba a dala talatin da biyar.

Madam Hadiza tsohuwar malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Da ta ajiye alli sai ta kama zobo, amma ba irin na ƙullin leda da ake tsotsa a bakin hanya ba. Nata a randa yake kwana, a tace shi, a zuba a kwalba mai tambari. Duk shekara idan sabon zobo ya shigo takan fito da sababbin haɗi. A shekarar nan sai ta ce ba za ta aika wa kowa da samfur ba, mai so ya zo gida ya ci abinci, kowane zobo da abincin da ya dace da shi. Mu biyu ta kira, ni da Mamman Sani na Dungas, wanda tun muna auna gyaɗa da tiya yake taka mini dunduniya.

Ni kuwa sana'ata kushe. Ban gaji shago ba, ban gaji gona ba, da kushe na gina gida. Ban taɓa yabon abin da nake son saye ba. Na taɓa tsayawa kan wani rago mai ƙiba kamar buhun gero, na yi ta cewa ina jin tari a ƙirjinsa, har sai da mai ragon ya durƙusa ya kara kunne. Saboda haka na fita gida da shirina: kowace kwalba in samo mata aibi, in ɓata fuska, in nuna alfarma zan yi wa Madam in na ɗauki kayanta. (Kuma ban ci abincin rana ba. Na ce tunda na kyauta yana jirana, me zai sa in yi ɓarnar na gida? Ku riƙe wannan, dabara ce ta mutum mai wayo.)

Bayan magariba aka shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida. Maigidan, Malam Issufu, mutum ne mai shiru, shi ya zauna tare da mu. Madam ta ja kujera can gefe, kwalabe a jere kan faranti a gabanta, tana mana bayani kamar mun zo jarrabawa. Har da ruwan kurkure baki tsakanin kwalba da kwalba.

Ta farko mai citta ce da kanumfari, aka kawo ta da masa. Na kurɓa, na juya shi a baki, na dubi sama kamar ana cire mini ƙaya.

"Madam, cittar nan ta yi yawa. Mutumin ƙauye zai ce maganin mura aka sayar masa."

"To, Alhaji," ta ce, ba ta ko ɗaga kai ba.

Mamman Sani ya ce shi dai ya ji daɗinsa. Na yi masa dariya a zuci, na ce wannan har ya tsufa bai iya ciniki ba.

Ta biyu mai na'ana'a ce, da dambun zogale. Gaskiya ta yi daɗi, har na rasa ta inda zan kama ta. Sai na ɗaga kofin na duba a hasken fitila, na ce launin bai kama ba, ya yi kama da ruwan wankin jan zane. Malam Issufu ya dube ni, ya dubi kwanona da na suɗe tas.

Daga nan aka sauke gasassun zabi, an barbaɗe su da yajin ƙuli, mai yana tsiyaya a kan albasa. Madam ta buɗe wata kwalba mai duhu, zobon cikinta ja har ya koma baƙi-baƙi. Ta ce wannan babu sukari a ciki, da dabino da garin goruba ta haɗa shi, kuma a ci naman tukuna kafin a sha.

Na bi umarni. Na yagi cinya, yaji ya kama mini harshe, sannan na kurɓa. Jama'a, ni ba mai surutu ba ne a kan abinci, amma abin nan ya shigo da tsami, ya koma zaƙi, ya wanke maiƙon naman, ya bar wani sanyi a maƙogwaro kamar an buɗe taga. Na sake yaga, na sake kurɓa. Na manta da Mamman Sani, na manta da fuskar da na zo da ita. Kowa ya yi tsit, ba a jin komai sai ƙarar ƙashi.

Cikin wannan shirun ne na ji wata murya, da ƙarfi, a natse, tana cewa:

"Malam Issufu, ashe raƙumi ma yana da gashin ido."

Muryata ce.

Babu raƙumi a gidan. Babu wanda ya yi zancen raƙumi tun da muka zauna. Duk Bahaushe ya san sunan wannan abu: santi, maganar da daɗin abinci ke fizgowa daga bakin mutum ba da izininsa ba. Yaro ya yi a yi masa dariya. To ina ga Alhaji mai furfura a gemu, wanda ya gama cewa zobon mutane ruwan wanki ne?

Mamman Sani ya ajiye ƙashin hannunsa a hankali.

"Malam, matso kusa da shi ka riƙe shi, kada ya kife cikin kwano."

Malam Issufu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa. Can cikin ɗaki na ji mata sun fashe, wata har tana tari.

Da ina da hankali, da na yi dariya tare da su, na ce an kama ni, a wuce wurin. Santi ba ya kisa. Amma girman kai ya ce mini a'a, tashi ka kare kanka.

"Wane irin santi?" na ce. "Ku kuna ci ne kawai, ni ina ci ina aiki. Tunanin kasuwa nake."

"Kasuwar gashin ido?" in ji Mamman Sani.

"Kasuwar Guci, kai da ba ka ganin abin da ke gabanka. Ka taɓa tsayawa wajen masu raƙuma da azahar? Mutum ya yi tafiya tun asuba, ya sayar da dabba, aljihu cike, maƙogwaro a bushe, babu mai kai musu ko ruwan sanyi. Ka ajiye wannan a gabansu da raɓa a jikin kwalba, dala ɗari za su biya ba su tambaya ba. Kana zaton don ado na sayi firigo biyu?"

Ina rufe baki na ji abin da na faɗa. Irin jin da mutum ke yi idan ya taka matakala ya tarar babu ita.

Madam Hadiza ta gyara zama. Ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Da muryar da take kiran sunan ɗalibi ta ce:

"Dala ɗari. Firigo biyu. To madalla, Alhaji. Launin wannan ya kama ke nan?"

"Ya ɗan kama," na ce.

"A ƙara maka?"

Ku yi mini shaida, na so in ce a'a. Hannuna ne ya miƙa kofin.

Mamman Sani kuwa ya daina dariya, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ya dubi Malam Issufu yana tambayarsa, wai daga Dungas zuwa Guci hanyar ta gyaru kuwa bana? Shi da ke bin hanyar duk mako.

Washegari na koma yin ciniki da rana tsaka, a tsaye, cikina cike da tuwon gidana. Na gwada tsohuwar sana'a, na ce kwalaben ƙanana ne, murfin ba ya kamawa. Madam ta bar ni na gama, sannan ta tambaye ni lafiyar firigo. Mutumin da aka san ya riga ya sayi firigo ba shi da bakin kushe. Tun daga ranar na ɗauki darasi: duk wanda ya kira ni ciniki ya ce akwai abinci, sai na ƙoshi a gida nake fita, kuma idan maganar banza ta kuɓuce mini, nakan bar ta a banzarta, ba na tsayawa yi mata bayani.

Ga yadda aka tashi. Kwalbar da na yi niyyar ɗauka a talatin da biyar, a sittin na ɗauke ta, kuma na yi godiya. Dantchiao da Yekuwa suka zama nawa. Guci ta ba Mamman Sani, ta ce ai ya fi ni kusa, kuma yanzu ya san inda zai tsaya. Yana can wajen masu raƙuma duk ranar kasuwa, yana sayarwa a dala ɗari daidai, ko dala ɗaya bai canza a lissafina ba. Firigo na biyun, da ba ni da inda zan kai shi, shi ya saye shi a hannuna. Sai da ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya ce yana jin tari a ƙirjinsa.