Ƙwai Da Yajinsa

"…da gajiya, lafiya lau. To, wasa wuƙar mana, mijin banza, ka tsaya kana hamma."

Inna Baraka ce ke amsa gaisuwar jikanta Mudassiru, wanda ya shigo daga injin casar shinkafa, kansa duk ƙaiƙayi. Ita ta aika a kira shi ya yanka jar kazarta. Kwana talatin da biyu kazar na kwanci a kan ƙwan zabi goma sha biyu, ta rame ta zama ƙashi da gashi, duk wanda ya matso sai ta sare shi, amma ko ɗa ɗaya ba ta ƙyanƙyashe ba. Ga damina ta ja baya, zabi sun kusa daina ƙwai. Haushi ya ishi tsohuwa, har ta ɗaure ƙafafun kazar.

"Kaza ta yi gadon mai ita," in ji Mudassiru. "Zama wuri ɗaya da masifa, ba aikin fari."

"Ni tara na haifa, har da uban wani mai kai kamar kabewa."

"Shi ya sa zan sake ki, in auro 'yar zamani."

"Wa zai ba ka? Ko akuya sai da roƙo. Tsaya in nuna maka shaida, kada a ce na zalunce ta."

Ta ɗauko ƙwai ɗaya ta buga a bakin turmi. Wari ya tashi, amma ƙwan bai tsiyaye ba. Ta ɓare shi, sai ga ciki a dunƙule, ya yi kore. Ta fasa na biyu, haka.

"Mudassiru, a ina ka sayo min ƙwan nan?"

"A tashar Kura mana, wurin wata mai faranti."

"Ba ruga na aike ka ba?"

"Haba uwargida, ruga da nisa, ga caɓi. Wannan kuwa har gyara ta yi min."

"Gyaran me?"

"Ɗan yaji a leda, da gishi…" Ya dubi ƙwan da ke hannunta.

"Innalillahi! Dafaffe! Wata guda baiwar Allah tana yi maka ɗumame!"

"To ke da kika shekara ɗari kina kiwo, ba ki girgiza ba?"

"Ban san sakaran da na aika ya kai nan ba. Yajin fa?"

"Na ci da rogo."

Dariya ta ƙwace masa, har wuƙar ta faɗi. Ita kuwa kunyar kazar ce ta kama ta. Ta durƙusa ta kwance igiyar, ta tura mata tsaki da ruwa.

"Ruwan fige ya riga ya tafasa," ta ce, ba ta ko ɗago ba. "Je ka kamo farin zakaranka."

"Wanda nake ji da shi?"

"Shi."

Ya share hawayen dariya, ya ɗauki wuƙar. "Na ji. Amma cinya ɗaya tawa ce."

"Naka ƙwai ne, ga goma nan sun rage."