Jikar Dawo-Gobe

"…lafiya lau na kwana, Diyado, ganinka ne dai ya ɓata min safiya. Shigo, amma ka kakkaɓe ƙurarka a waje, wadda ka bar mana a ciki ma ta ishe ni."

Ralitsa ke nan, wai tana gaida kakanta; mu nan Diyado ake ce wa kaka namiji. Ita fa ta aika a kira shi, amma ka ji bakinta.

Bari in faɗa muku yadda abin yake. Ofishin ƙauyenmu ɗaki biyu ne a saman shagon burodi, kuma Diyado Strahil ya yi shekara talatin da takwas yana magatakarda a cikinsa kafin ya yi ritaya. Yanzu jikarsa ce a kujerar, ta wucin gadi. Shugabarta, Gospoja Nevena, ta zo daga birni ta faɗa mata gar da gar: duk wata takarda ta shiga kwamfuta kafin Juma'a, ranar mota za ta zo ta kwashe komai. Ofishin da ya gama a bar shi, a tabbatar wa ma'aikacinsa aiki. Wanda bai gama ba a sa masa kwaɗo, tsofaffi su riƙa hawa bas zuwa birni a kan takarda ɗaya. Ralitsa ta gama na haihuwa, ta gama na aure, ta gama na mutuwa. Da ta zo kan fayilolin gonaki sai ta ci birki. Guda sittin da uku, kuma babu ɗaya da tsohon nan ya rubuta sunan gaskiya a bayansa, sai sunan tsokana. In ka buɗe ciki kuma, Georgi Georgiev goma sha ɗaya ne a garin nan, tsofaffin takardun ba su da lamba. Ga shi yau Laraba.

Tsoho ya hawo bene yana haki, ya ajiye ƙunshin banitsa mai zafi, wainar cukun nan mai maiƙo, a kan na'urar ɗaukar hoton takardu.

"Ɗauke min mai daga kan sikana!"

"Au, ba murhu ba ne? Na ga yana da murfi yana kuma ɗumi. To ina amfaninsa?"

"Amfaninsa ya fi naka. Ba ya tari, ba ya zuwa shan kofi, ba ya ce wa kowa ya dawo gobe."

Nan ta taɓo shi. Duk garin nan Dawo-Gobe ake kiransa, gidansu ma gidan Dawo-Gobe ne, ita kanta tun tana firamare take dambe da yara a kan sunan. Ya zauna a kujerar baƙi, ya ɗora hula a gwiwa, ya dubi kabad ɗinsa da suka zama fanko kamar bakin da aka cire wa haƙora. Ya tambayi ina hatiminsa. Ta ce yana kwali. Ya tambayi ina tsinken da yake soke takardu. Ta ce ta ba mai burodi yana soke rasit.

"Allah ya isa tsakanina da uwarki da ta haifo ki," in ji shi. "To me ake nema da gawa?"

Ta turo masa fayil na farko. A bayansa an rubuta Limamin Kaji.

"Wane ne wannan?"

"Tambayi akwatinki mana. Ba kin ce ya san komai ba?"

"Diyado."

"Ni tsohon kaya ne. A taron majami'a kika faɗa, a gaban mutane, wai zamanin alli da ƙura ya wuce. Ai in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. To yi rawarki, ni ɗan kallo ne."

"Na faɗa, kuma zan ƙara. Wane mahaukacin ma'aikaci ne zai rubuta Takalmi Ɗaya a kan takardar gwamnati?"

"Wanda bai taɓa ba wani gonar wani ba cikin shekara talatin da takwas. Ke kwana nawa kika yi? Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yar nan. Tun bazara nake wucewa ta ƙasan tagar nan, ko leƙe."

Gaskiya ya faɗa, ita ma ta sani, shi ya sa ta canza hanya. Ta yi masa barazana. Ta ce in bai buɗe baki ba, ranar da ya mutu ba za ta buga masa sanarwa a liƙa a bishiyar bakin coci ba, a waya kawai za ta tura, da hotonsa na ranar da ƙudan zuma suka kumbura masa fuska. Ya ce ta tura, ai abokansa duk sun riga shi, waɗanda suka rage kuma ba sa gani. Ta ce za ta faɗa wa likita yana shan barasar nan rakiya da safe. Ya ce likitan ne ke kawo kwalbar. Ta ce za ta raba gonakin da ka, duk Georgin da ya faɗo hannunta shi ke nan.

Nan ya daina murmushi.

Ya ce ta yi hankali. Limamin Kaji ya mutu, matarsa Baba Stoyna (mu nan tsohuwa ake ce wa Baba) ce ke noma tattasai a ɗan filin bayan rafi, ba ta da komai sai shi. Wani Georgin kuma, Takalmi Ɗaya, 'ya'yansa suna Jamus, da sun ga fili da sunan ubansu a kwamfuta za su sayar ta waya ko ƙafa ba su tako ba.

Ralitsa ta yi maza ta rubuta a tafin hannunta.

"Biyu ke nan," in ji ta. "Saura sittin da ɗaya. Ci gaba da faɗa, tsoho, faɗanka akwai albarka."

"Ɓarauniya. Jinin kakarki ne, ita ma haka take zare wa mutum magana kamar ana zare ƙaya."

Sai ya faɗi farashinsa, kuma ba abin da ta zata ba ne. Ita ta ɗauka hatiminsa zai ce a mayar masa. Cewa ya yi sai ta shigar da sunayen tsokanar nan cikin kwamfutar, kowa da nasa. Ta ce ba wuri, suna ne da lamba kawai. Ya ce to ba baki. Ta ce Gospoja Nevena za ta yi mata dariya har birni. Ya ce dariya ba ta kashe kowa ba. Ya ce rabin mutanen nan suna maƙabarta, in ka ce Georgi Georgiev ba wanda zai ɗaga kai, amma ka ce Kwana-a-Ganga, duk wanda ke shagon kofi sai ya tuna ranar da aka neme shi kwana biyu aka same shi yana minshari a gangar inabi. Ranar Juma'a mota za ta tafi da takardun, in sunayen suka bi ta, an sake binne su ke nan.

Ta kalli allon. Can ƙasa akwai wani ɗan akwati da ba ta taɓa kula shi ba, an rubuta ƙarin bayani. Ta danna, ta rubuta Limamin Kaji, ta juyo masa da allon. Ya sa tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓawa.

"Ƙara girman. Mutumin nan babba ne, wa'azi yake wa kaji kullum da yamma."

Daga nan aiki ya kankama. Tana ɗagawa yana faɗa, kowane suna da tarihinsa, tana cewa ya gajarta yana ƙara tsawo. Jaki Biyu. Ba-Ni-Ba-Ne. Surukin Kowa. Banitsa ta ƙare, mai ya ɓata fayil uku, ta zage shi, ya ce ai yanzu takarda ba ta da daraja, ita ta faɗa. Wajen la'asar saura ɗaya, siriri, ya yi ja don tsufa. Ba gona a ciki, takardar rajistar akuya ce guda ɗaya tal. A baya an rubuta Za Ta Dawo, sai ƙananan layuka a jere kamar na mai ƙirga kwanaki.

"Wannan fa? Akuya ma ta samu fayil?"

Ya miƙa hannu zai karɓe, ta ɗaga sama. Ta buɗe ta karanta sunan mai akuyar. Sunan kakarta ne, da sunan gidan ubanta, tun kafin aure.

Ta ƙirga layukan. Goma sha tara.

"Diyado. Sau goma sha tara ka mayar da baiwar Allah a kan akuya ɗaya?"

"Hatimi ne ya ɓace."

"Kwana goma sha tara?"

"Yana aljihuna. Ta zo da jan ɗankwali ranar farko, na duba na ga in na buga mata yau, me zai sake kawo ta? Sai na ce ta dawo gobe. Rana ta ashirin ta zo da yayanta da sanda. Shi ya fara kirana da sunan a tsakiyar kasuwa."

Ralitsa ta kifa kai a tebur tana dariya har da hawaye. Shekara nawa tana fasa wa yara baki a kan sunan nan, ashe tsohon banza ne ke neman aure da kayan gwamnati. Ta ce da a yanzu ne da an kore shi tun rana ta biyu. Ya ce da an kore shi da ba a haifi mai bakin da ke zaginsa ba, ta gode wa akuya.

Ta ɗora takardar a sikana a hankali, wannan kam ba ta bari mai ya taɓa ta ba. Ta buɗe shafin gidansu, a ɗan akwatin nan ta rubuta Dawo-Gobe da hannunta. Ta danna a tura duka sittin da ukun birni.

Wani ɗan zobe ya fito a allon yana juyawa. Ya juya, ya juya.

Daidai nan Baba Stoyna ta leƙo da sandarta, wai ta ji ana sa filinta a na'ura, tana so ta gani da idonta.

Ralitsa ta dubi zoben, ta dubi tsohuwar, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, sabis ne ya ɗauke. Ko za ki… dawo gobe?"

Tsohon nan ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Kafin ya gama zoben ya tsaya, allon ya nuna komai ya tafi, aka juya wa Baba Stoyna ta ga filinta da Limamin Kaji a ƙasa, ta shafa allon da yatsa. Amma ina, magana ta riga ta fita. Diyado Strahil ya sa hannu a kwali ya lalubo hatiminsa, ya hura masa iska, ya kamo hannun jikarsa ya buga mata a bayan hannu.

"Riƙe shi, na bar miki," in ji shi. "Kujerar ta samu mai ita."