Lambun da Na Shuka a Kan Rufi

A shekarar da ambaliya ta ci Jidda ana tsakiyar aikin Hajji, ina gadin wani sabon gida a unguwar Safa ta Jidda. Kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya biya injiniyoyi kuɗi masu yawa suka shuka ciyawa a saman gidan don rage zafi, har aka ba shi takardar shaida cewa gidansa ba ya cin wutar lantarki da yawa. Na kalli aikin daga farko har ƙarshe. Ƙasa ce kawai da ruwa. Wannan ake biya wa kuɗi?

Na kasa zama. Ɗakinmu a unguwar Karantina kamar tanda yake, mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, sai ƙara ba sanyi. Na dinga jidar ƙasa a buhu ina zubawa a kan rufinmu na katako da kwano, na shuka tumatir da yakuwa.

Matata ta ɗaga kai ta ce, "Baban Amina, katakon nan fa kuka yake."

Na ce, "Sabawa yake yi."

Maƙwabcina Idi, mutumin Nijar, ya kira ni injiniya da Larabci, ya ce, "To muhandis, ina taka takardar?"

Na ce, "Halas, shi ke nan, tumatir ɗin ne takarda."

Ruwan sama bai taɓa faɗo mini a rai ba, Jidda ce fa. Da ya sauko, ƙasar ta sha ta ƙoshi, lambun ya iso ɗaki gaba ɗaya. Allah ya sa muna waje muna kwashe shanya.

Har yau Idi in ya gan ni sai ya ce, "Muhandis, an yi girbi a falo?"

Na rasa rufi, gado, mukayyif, da sunana na yanka.