Ranar da Na Haɗa wa Inji Salla

A shekarun tsuke bakin aljihu, rage ma'aikata ya shafi aminina Injiniya Bala na Birmingham. Abin da ya saura yana faranta masa rai shi ne ɗan jirgin sama na wasa. Maƙwabtansa ba sa son ƙara, sai ya kawo mini sabon injin jirgin gidana a unguwar Gorton, amana.

Ya ce: "Malam, a tashe shi sau uku, a hankali, ana barinsa ya huce tsakani."

Na ce: "Wanda ya shekara talatin yana karantar da fiƙihu, wannan zai gagare shi?"

Ranar da zan tashe shi, sanyi ya hana yatsuna lanƙwasuwa. Ina tsaye a bayan gida na yi ƙiyasi: tunda shari'a ta yarda a haɗa salloli saboda wahala, me zai hana in haɗa ukun nan? Na sakar wa injin wuta gaba ɗaya. Ya yi kururuwa, ya yi hayaƙi, bai sake motsi ba.

Hajiya ta leƙo ta taga: "Malam, an idar?"

Bala bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Sai dai har yau, in muna tare aka yi ruwa, liman ya haɗa Magariba da Isha, yakan raɗa mini: "Allah gafarta Malam, a duba liman, kada ya yi hayaƙi."