Tumbin Barnaba Ya Ƙi Nitsewa

A ikilisiyarmu ta can ƙauye ba a wasa da maganar baftisma. Koyarwar ita ce a nitsar da mutum gaba ɗaya cikin ruwa, daga tsakar ka har ɗan yatsan ƙafa. Yayyafi kuwa, ko sunansa dattawanmu ba sa son ji. To bana sai ga Barnaba mahauci ya tuba, bayan matarsa Afiniki ta yi shekara da shekaru tana kai sunansa wurin addu'ar zumuntar mata. Wallahi har ni na yi mata murna. Sai dai baftisma sau ɗaya ake yi a shekara, gab da Ista, wanda ya rasa kuma sai baɗi. Ga shi rani ya shanye rafin, inda ya fi zurfi da kyar yake kai gwiwa. Barnaba kuwa Allah ya hore masa tumbi.

Mata na bakin rafi suna waƙa da kaɗa tulu, Fasto Irimiya ya kwantar da shi rigingine. Kai ya shige, ƙafafu suka shige, tumbi ya tsaya a sama kamar an kife ƙwarya. Aka juya shi rub da ciki, sai baya ya fito. Mai waƙa ta kasa ci gaba saboda dariya.

Da aka sake juyo shi rigingine, Dattijo Gayus, wanda ba ya barin ko ƙwayar koyarwa ta faɗi ƙasa, ya ɗaga sandarsa ya ce, "Fasto, wannan ba baftisma ba ce. Ga cibiya can a bushe, da idona nake gani."

Fasto ya share gumi ya ce, "Haba Dattijo, ai ceto ta wurin bangaskiya ne, ba ta wurin zurfin rafi ba."

"Haka ne. Amma a nitsar aka ce, ba a ce a jiƙa ba."

Barnaba ya tashi zaune cikin taɓo yana tari, ruwa na fita ta hanci. Ya ce, "Baba Fasto, don Allah a yi sulhu. Ku karɓe ni haka yau, shi tumbin a bar shi sai damina."

Kafin Fasto ya buɗe baki, Afiniki ta tamke zane, ta faɗo cikin ruwan da takalmanta.

"A bar wa? Baba Fasto, ni ban taɓa kawo ƙarar kansa ko ƙafarsa ba. Tumbin nan ne ya shanye burkutun unguwa, shi ya cinye mini awaki. In ruwan ba zai ishe su duka ba, ku fito da mutumin, ku danna tumbin!"